Zinaren da Doka Ta Hana Kowa Shafawa Sai Sarki: Labarin Tulunan Tangaran na Faransa

Ga rubutun shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda dama sun fi son karatu.

Yau Faransa muka nufa, kuma a kan abin da na san wasu za su ce me ya haɗa mu da shi: tulunan ado na tangaran, irin masu ruwan zinare a baki da hannuwa, waɗanda kuke gani a finafinan sarakunan Turai an jera su a falo. Ba a zuba ruwa a ciki, da yawansu ko fure ba a sa musu. Aikinsu kawai a gan su. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya ya ga jeren tangaran a kabet, wanda har a yi jikoki ba za a ci tuwo da shi ba, to ya riga ya fahimci rabin zancen. Ɗaya rabin shi ne, a Faransa ta ƙarni na 18, shafa zinare a jikin tangaran laifi ne in ba a masana'antar sarki aka yi ba. Daga wannan dokar nake so mu bi sawu, mu ga su wane ne suka yi aikin da hannunsu.

Asalin tangaran dai na ƙasar Sin ne. Ɗaruruwan shekaru Turawa suna saye da tsada, sun kasa gane yadda ake yi. Sirrin kuwa wata farar ƙasa ce da ake kira kawolin, a haɗa ta da wani dutse da aka niƙa, a gasa a wutar da ta kai digiri 1,300 ko fiye. Irin farar ƙasar nan akwai ta a Ƙanƙara ta jihar Katsina, amma wannan zance ne na wata rana. Wani limamin coci Bafaranshe mai suna d'Entrecolles ya zauna a yankin Jingdezhen, garin da ya fi ko'ina yin tangaran a Sin, ya yi ta kallo yana tambaya, sannan a 1712 da 1722 ya rubuto wasiƙu gida yana bayanin komai dalla-dalla. Yau da wani ya yi wa kamfanin Turawa haka, leƙen asiri za a kira shi.

Jamusawa ne suka riga kowa a Turai. Sarkin Saxony, Augustus, haukan tangaran ya kama shi har a 1717 ya ba sarkin Prussia sojojin doki 600 a madadin kayan tangaran na Sin guda 151. Mutane 600 fa, masu iyaye da mata. Shi ne kuma ya tsare wani saurayi mai suna Böttger da ya yi kurin zai iya mayar da ƙarfe zinare. Zinare bai samu ba, amma a tsaren aka gano yadda ake tangaran, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Wannan abu ya tsaya wa Faransawa a rai, don su a ganinsu duk wani kayan ƙawa daga wurinsu ya kamata ya fito.

A 1740 wasu ma'aikata da suka baro masana'antar Chantilly suka fara gwaji a cikin tsohuwar fadar Vincennes, gabas da Paris. Ba su da kawolin, don haka suka yi dabara: suka haɗa wani garin gilas da alli da laka, suka samu tangaran mai taushi. Wahalar sarrafawa gare shi, yana yawan lanƙwashewa ko tsagewa a wuta, amma yana shan launi yadda na Sin ma ba ya sha. A 1745 Sarki Luwi na 15 ya ba su takardar izini cewa su kaɗai za su yi tangaran irin na Meissen mai zane da zinare. Sai dai izinin shafa zinare daban, iya shafawa daban. A 1748 sai da suka sayi sirrin daga wani malamin coci a Paris, Hippolyte Le Faure, wanda ya san yadda ake niƙa zinare ya zama gari, a manna shi a jikin tangaran ya zauna daram bayan an gasa.

Daga nan mace ta shigo labarin, Madam Pompadour, farkar sarki, wadda a lokacin maganarta ta fi ta ministoci da yawa nauyi. Ita ta tsaya wa masana'antar, kuma a 1756 aka mayar da ita garin Sèvres, tsakanin Paris da fadar Versailles, kusa da gidanta na Bellevue. A 1759 sarki ya saye hannun jarin kowa, ta zama tasa shi kaɗai. Da sauran masu yin tangaran suka matsa, a 1766 aka fitar da doka cewa to, ku yi, amma fari da shuɗi ko launi ɗaya kawai. Ba zinare, ba shafe jikin kaya da launi. Wanda ya karya doka a ƙwace kayansa a ci shi tara.

Ku dubi yadda kasuwar take. Sarki ne mai kamfani, shi ne mai kafa doka, shi ne babban mai saye, kuma shi ne dillali. Duk ƙarshen shekara ana kwaso sabbin kaya a baje su a ɗakunan sarki a Versailles, fadawa su zo su saya yana tsaye yana kallo. Wa zai ce ba shi da kuɗi? Wanda ya taɓa zuwa taron ƙaddamar da littafin wani babba ya ga yadda ake sayen kwafi ɗaya da miliyoyi, ya san irin wannan cinikin.

Gaskiya dai kayan sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Wani maƙerin zinare ɗan asalin Turin ta Italiya, Jean-Claude Duplessis, shi ya riƙa zana siffofin. Akwai tulun da ya yi mai kan giwa biyu, hancin kowace ya miƙe sama yana riƙe da mazaunin kyandir. Akwai wanda ya yi kamar jirgin ruwa mai filafilai, murfinsa duk huda-huda, ana zuba busassun furanni masu ƙamshi a ciki ƙamshin ya riƙa fita, kusan aikin kaskon turaren wuta amma ba garwashi. Irin jirgin nan kaɗan aka yi, guda goma ne suka rage a duniya. Launuka kuma kowanne da shekararsa: shuɗin sararin sama a 1753, kore a 1756, ruwan hoda a 1757.

To, tulu ɗaya hannu nawa yake bi? Akwai mai kwaɓa ƙasa, da mai zubawa a ma'auni, da mai gyara ya kankare ya manna hannuwa, da mai tsoma shi a ruwan ƙyalli, da mai shafa launin jiki, da mai zanen tsuntsaye ko furanni ko mutane, don kowa da fanninsa. Bayan kusan kowane mataki sai an mayar da shi wuta, kuma kowace shiga wuta caca ce, aikin wata biyu yana iya tsagewa a dare ɗaya. Mai zinare shi ne kusan na ƙarshe. Idan zinaren ya fito daga wuta ba ya ƙyalli, dusu-dusu yake kamar ƙasa. Sai an bi shi da wani dutse mai santsi ana gogawa a hankali kafin ya haska, sannan a ɗauki tsinken ƙarfe a zana ƙananan layuka a cikinsa, wani wuri ya yi ƙyalli wani ya yi duhu. Wannan aikin gugar, mata ne suka fi yin sa.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin Sèvres shi ne mun san sunayen mutanen nan. Idan aka kifa tulu, a gindinsa akwai harafin L guda biyu a sarƙe, tambarin sarki ke nan. A tsakiya akwai harafin da ke nuna shekara, an fara da A wajen 1753. A gefe kuma akwai 'yar alamar wanda ya yi zane da ta wanda ya sa zinare. Charles-Nicolas Dodin, wanda ake ganin ya fi kowa iya zanen mutane, ƙaramin harafin k yake sawa. Ya shiga aiki a 1754 yana ɗan shekara 20, bai bari ba sai da ya mutu a 1803. Étienne-Henry Le Guay, gwanin zinare, LG yake sawa. Tsohon soja ne da ya samu rauni a hannu a yaƙin Fontenoy na 1745, ya dawo ya zama mutumin da ake ba aikin zinaren da ya fi kowanne wuya.

Amma kada mu yi saurin cewa karramawa ce. Alamar ta akawu ce, don a san wa za a biya, wa kuma za a tuhuma in aiki ya ɓaci. Doka ta hana ma'aikaci barin aiki ba da izini ba, wanda ya san sirrin haɗi in ya gudu kurkuku ke jiransa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma a ci shi tara. A rajistar ma'aikata ta 1755 har kamannin mutum aka rubuta, tsayinsa, launin gashinsa, yanayin fuskarsa. Ni dai a ganina ba a rubuta kamannin ma'aikaci haka sai in ana tunanin wata rana za a fita nemansa. Mata kuwa, a farkon zamanin Vincennes akwai sashe guda na mata da 'yanmata a ƙarƙashin Madam Gravant, suna murza furannin tangaran ganye-ganye da yatsunsu, kayan da suka kawo wa kamfanin kuɗi sosai tun yana rarrafe. Daga baya aka hana mata yawancin ayyukan cikin masana'anta, masu zane a cikinsu suka koma yi a gida ana biyansu da guda-guda.

Kawolin ɗin da aka daɗe ana nema ashe yana cikin Faransa. A 1768 aka tabbatar da shi a Saint-Yrieix, kusa da Limoges. Labarin da ake bayarwa shi ne matar wani likitan garin mai suna Darnet ce take wanki da farar lakar a madadin sabulu, mijin ya kai samfuri aka duba. Ku riƙe sunan Limoges, za mu dawo kansa.

Yanzu maganar kuɗi. A 1776 Sarauniya Katarina ta Rasha ta yi odar kayan cin abinci na mutum 60, shuɗi da zinare. Guda sama da 700 aka kai mata a 1779, kuɗin ya haura liba 330,000. A lokacin lebura a Paris kusan liba ɗaya yake samu a yini. Ku yi lissafi, sai ya yi shekara wajen 1,000 yana aiki bai ci bai sha ba. Ita ma da ta ga takardar kuɗin sai da ta yi ƙorafi, ba ta gama biya ba sai 1792. Tangaran ya zama harshen diflomasiyya: an aika wa Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya a 1758, an aika wa Sarkin Sin Qianlong, wato an kai wa mai abu abinsa. A 1788 kuma, da jakadun Tipu Sultan, sarkin Musulmi na Mysore a Indiya, suka zo neman taimakon Faransa a kan Ingilishi, sojojin da suka nema ba su samu ba, amma an haɗa su da kyautar tangaran na Sèvres su kai gida.

Ga inda labarin ya fi yi mini ɗaci. Wasu daga cikin manyan tulunan nan ana ɗora su a kan gindin tagulla, a sa musu hannuwa da baki na tagulla mai ruwan zinare. Wannan ba a Sèvres ake yi ba, a shagunan maƙera ne a cikin Paris. Yadda ake yi: a narkar da zinare a cikin zaiba har ya zama kamar man shanu, a shafe tagullar da shi, a ɗora a kan garwashi. Zaibar ta tashi ta zama hayaƙi, zinaren ya manne. Hayaƙin kuma ina zai je? Hancin wanda ya sunkuya yana juya kayan. Da farko dasashi ya kumbura, haƙora su fara zubewa, sai hannu ya kama rawa har mutum ya kasa kai cokali bakinsa, magana ta sarƙe, wani hankalinsa ya taɓu. Kuma ba a ce ba a sani ba. Tun 1700 wani likita ɗan Italiya, Ramazzini, ya rubuta littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya ware babi guda a kan masu ruwan zinare. Sai da aka yi fiye da shekara 100, wani mai shagon tagulla da ake kira Ravrio, wanda ya ga yadda yaransa ke lalacewa, ya bar wasiyyar faran 3,000 ga duk wanda ya samo mafita. A 1818 masanin haɗa sinadarai d'Arcet ya ci kyautar da wani murhu mai bututun da ke janye hayaƙin sama. Bututun hayaƙi kawai fa. Sai a shekarun 1840 da aka fara ruwan zinare da lantarki sannan aikin zaiba ya fara ja baya.

Su kansu gwanayen ba su tsira da komai ba. Pierre Gouthière, wanda manyan fada ke layi a ƙofarsa, bashin da masu sarauta suka ƙi biyansa ya karya shi, ya mutu a talauce a 1813.

Na tsaya a kan zaiba ne saboda wannan hayaƙin bai ƙare a Paris ba. A ramukan haƙar zinare na Zamfara da Neja da Kebbi, da Komabangu a Jamhuriyar Nijar, samari sa'o'inmu suna zuba zaiba a cikin niƙaƙƙen dutse ta kama zinaren, sannan su ƙona dunƙulen a buɗaɗɗiyar wuta, wani lokaci a tsakar gida kusa da yara. Haɗin ɗaya ne sak da na maƙeran Paris. Abin da ya kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 gubar dalma ce daga dutsen da ake niƙawa, ba zaiba ba, kada mu haɗa su. Amma dalma ta yi kisan da aka gani aka ƙirga, zaiba kuwa a hankali take cin mutum, shi ya sa ba ta shiga labarai. An ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013 don rage amfani da ita a duniya, kuma akwai 'yar na'ura mai sauƙi da ke tare hayaƙin ta mayar da shi ruwa. Ku tambayi duk wanda kuka sani a ramin zinare ko ya taɓa ganinta.

Mu koma Faransa. Sarki Luwi na 16 ya yi odar nasa kayan cin abincin a 1783, aka tsara za a gama a 1803, shekara 20 ana yin faranti. Juyin juya hali ya ɓarke a 1789, aka sare kansa ranar 21 ga Janairun 1793 aikin bai kammala ba. Abin da aka gama, yarima mai jiran gadon Ingila ya saye a 1811, yana fadar Windsor har yau. Gwamnatin juyi ta yi gwanjon kayan fadoji, attajiran Ingila suka yi ta kwasa, shi ya sa wanda ke son ganin Sèvres na gaske yau sai ya haɗa da Landan. Masana'antar ba a rufe ta ba, gwamnati ta karɓe, aka cire L biyu aka sa RF, amma masu saye sun gudu ko an kashe su, kuɗin takarda ya zama banza, ma'aikata suka shiga yunwa.

A 1800 aka naɗa Alexandre Brongniart shugaba, ya riƙe wurin har 1847. Ya sallami ma'aikata da yawa, ya daina tangaran mai taushi, ya kuma yi gwanjon tarin fararen kayan da ba a yi wa zane ba don ya samu kuɗi. 'Yan kasuwa a Paris da Landan suka saye, suka yi musu zane da zinare, suka buga L biyu a gindi. Daga nan jabu ya cika duniya. Don haka in kun ga tulu a intanet an ce Sèvres ne na zamanin sarki saboda yana da tambari, ku sani tambarin shi ne abin da ya fi komai sauƙin kwaikwaya. Napoleon kuma ya mayar da masana'antar gidan farfaganda, manyan tuluna ɗauke da hotonsa da yaƙe-yaƙensa, har da kayan cin abinci masu zanen Masar bayan mamayar da ya kai can a 1798.

Dokar zinare fa? Tun kafin juyi ta fara yoyo. Masu ƙananan masana'antu a Paris sun gano cewa maganin sarki shi ne ɗan gidan sarki: wannan ya samu Sarauniya Mari Antuwanet ta zama uwar ɗakinsa, wancan ya laɓe bayan ƙanin sarki, Dihl da Guérhard suka sa sunan ɗan ƙanin sarki tun yana yaro ƙarami. Wa zai shiga shagon sarauniya ya yi kame? Bayan juyi kuwa kowa ya samu dama, zinare ya malala. Nast, 'yan'uwan Darte, Dagoty, daga baya Jacob Petit, suka riƙa yin tuluna bibbiyu masu zinare har wuya, lauyoyi da 'yan kasuwa suna saye su jera a falo. Yawancin tsofaffin tulunan Faransa da ke yawo a kasuwar kayan tarihi yau irin waɗannan ne, ana kiransu tsohon Paris. Da yawansu ba tambari ko ɗaya a gindi. A gidan sarki an san sunan mai zane saboda ana gadinsa. A kasuwar da ta buɗe, ba wanda ya damu ya rubuta. A ƙarni na 19 aka kuma ƙirƙiro zinare na ruwa, siriri ƙwarai, wanda ke fitowa daga wuta da ƙyallinsa ba sai an goga ba. Jikansa ne a bakin kofunan shayin da ke kabet ɗin iyayenmu, wanda ke gogewa bayan 'yan wanke-wanke.

Sèvres tana nan har gobe, mallakar gwamnatin Faransa, ana shafa zinare ana gugarsa da dutse kamar da. Amma yawan aikin tun ƙarni na 19 ya koma Limoges, inda ƙasar take, ga itacen wuta, ga lebura mai araha. Wani Ba'amurke, David Haviland, ya zauna can a 1842 yana yin kaya yana turawa Amurka, garin ya cika da masana'antu da dubban ma'aikata, da yawansu mata, ƙurar farar ƙasa tana cin huhunsu. A garin aka kafa babbar ƙungiyar ƙwadagon Faransa, CGT, a 1895.

A 1905 ma'aikatan masana'antar Théodore Haviland suka tafi yajin aiki, suna neman a cire wani shugaban sashen zane da ake zargi da neman mata ma'aikata da ƙarfin muƙaminsa. Masu masana'antun garin suka haɗa kai suka rufe ƙofofinsu, dubban mutane suka rasa aiki a rana ɗaya. Aka yi zanga-zanga, aka kama wasu, aka kawo sojoji. Ranar 17 ga Afrilu jama'a suka taru a gidan yari suna neman a saki mutanensu, sojoji suka kora su zuwa wani lambu da ake kira Orsay, suka buɗe wuta. Aka kashe wani matashi da bai wuce shekara 20 ba, Camille Vardelle. Dubban mutane suka raka gawarsa, bayan 'yan kwanaki aka janye shugaban sashen, aka koma aiki. Sana'ar Vardelle zanen tangaran ce.